Katin Hoton Tirelar Yaji

Shekara talatin da ɗaya Yaji ya yi yana jigilar shanu a tirela daga Potiskum zuwa Kudu, ko maraƙi bai taɓa kayarwa ba. Sai ga shi wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar dai ta dawo a hankali, har yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Likita ta gaya wa 'yarsa Munawwara gaskiya ba kwana-kwana: in bai riƙa motsa hannun nan ba, nan da 'yan watanni zai sandare, kuma shi ke nan. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallo? Yaji? Ranar da aka kawo shi ya cilla wa kaji.

Munawwara malama ce a sakandaren Mamudo. Kullum ta dawo gida unguwar Yindiski da la'asar sai ta tarar da uban a inda ta bar shi, ya zuba wa bango ido, hannun na kwance a cinyarsa. Abin yana cin ranta ƙwarai. Rannan tana share ɗakin ƙaninta da ya tafi bautar ƙasa, ta ci karo da tsohuwar kwamfutarsa ta wasa, har da sitiyarin roba da yake tuƙa tirela da shi a allo. Ta kinkimo kayan ta jona a gaban Baba.

Wallahi idonsa ya kawo haske. Ya kama sitiyarin da hannun dama, ya gyara zama. Amma hoton sai ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Minti biyu ya ture abin.

"Wannan mota ce ko amalanke? Ka juya sitiyari yau, ta sha kwana gobe! Ɗauke min."

Minti biyun nan su suka hana Munawwara sakat. Washegari ta biya shagon Zacchaeus, mai gyaran kwamfuta, wanda duk gari ke kira Zakka. Ya ce katin hoto ne ya tsufa, wato allon da ke zana abin da ake gani. "Amma Malama, ki bari in buɗe kwamfutar in duba kafin a sayi komai." Ta ce to. Sai dai da ta koma gida ta iske Bubayaro, dillalin shanu aminin babanta, yana sallama zai bi lodi Legas a yammacin nan. Gaggawa ta ɗebe ta. Ta rubuta masa "katin hoto" a takarda, ta ce, "Baffa, mai kyau don Allah."

Kwana tara ya dawo da kwali kamar na injin markaɗe, yana ta washe baki.

"'Yata, kasuwar kwamfutar Legas kaf na zaga. Kowanne sai da na ɗaga na ji nauyinsa. Wannan ya fi su ƙiba, ga faɗin ƙirji, fanka uku reras!"

Ran Asabar da hantsi Zakka ya zo gidan da sukuddireba. Ya buɗe kwamfutar, ya ɗauko katin, ya gwada ta nan, ya gwada ta can, sai ya ajiye ya share gumi. Katin ya fi cikin akwatin tsawo da yatsa huɗu. Ban da haka yana neman wata waya ta musamman daga tukunyar wutar kwamfutar, ita kuwa tsohuwar ba ta da ita. Munawwara ta ji kamar ta fashe da kuka. Ita ta jawo, kuma ta sani.

"A kai wa mai walda ya yanka bayan akwatin mana," in ji Bubayaro. "Ai a haka ma a tura zai shiga."

"Zakka."

Duk suka waiwaya. Yaji ne, wanda rabonsa da sa baki a zance tun kafin azumi.

"Na'am, Baba."

"Tukunyar wutar nan, lodin nawa take ɗauka?"

Zakka ya leƙa ya karanta takardar da ke jikinta. "Wat ɗari uku."

"Shi kuma wannan bijimin?"

"Sai an ba shi ta ɗari shida da hamsin. Ko solar gidan nan ma za ta ji jiki."

Yaji ya juyo kan amininsa, ya nuna shi da sanda. "Bubayaro, Allah ya shirye ka! Shekara talatin ina gaya maka ka zo ka dubi motar kafin ka sayi shanun. Halinka ke nan, ka jido manyan bijimai ka jibge min a tasha, ka ce Yaji yi dabara. Har kwamfuta ma ba ka bari ba?"

Bubayaro ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Munawwara kuwa tsayawa ta yi baki buɗe, don ta manta yadda faɗan babanta yake da daɗi.

Yaji ya sa ta yanko zaren ɗinkin buhu. Ya ce ta miƙa shi cikin akwatin daga baya zuwa inda ƙarfe ya tare hanya, yadda yake auna bodin mota da igiya kafin lodi. Da aka zo ƙulla alama, da haƙori da hannun dama ya ƙulla. Na hagun bai ko motsa ba. Munawwara ta gani, ta kawar da kai.

"Kira mai keke," ya ce. "Da kaina zan je shagon, ba za a sake aiken makiyayin nan ba."

Haka Yaji ya fita ƙofar gida karon farko cikin wata biyar. A shago Zakka ya jera katuna uku na hannu a kan tebur, ya ce zai karɓi babban a musanya, dama akwai mai haɗa bidiyon biki da ke neman irinsa. Yaji ya bi su ɗaya-ɗaya da zarensa. Na farko ya wuce ƙulli. Na biyu ya shiga, amma shi ma yana neman waccan wayar. Na uku ɗan firit ne, fanka ɗaya, wutar da ramin da ake zura shi ke bayarwa ta ishe shi.

"Wannan ramammen?" in ji Bubayaro.

"Shi zai kai mu Legas."

Bayan azahar Zakka ya zura katin ya ji ƙas, ya ɗaure, ya saka manhajarsa. Titi ya shimfiɗu sumul a allo, ba tsayawa ba gargada. Yaji ya tayar da mota. Ya fita tasha, ya hau babban titi, yana ta ƙorafin birki ya yi laushi. Da hannu ɗaya yake tuƙin. Munawwara na tsaye a bayansa, shi kaɗai take kallo, hannun hagun nan da ke kwance a cinya, tana addu'a a zuci.

Can sai ga wata tirela ta ɓullo daga ɗaya hannun, tana tahowa. Shekara talatin da ɗaya Yaji bai taɓa wuce ɗan'uwansa direba a hanya bai ɗaga masa hannu ta taga ba, kuma tagar direba a hagu take. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannun ya taso daga cinya da ƙyar, ya kai kamar taƙi ɗaya, yatsu biyu suka buɗe. Tirelar ta wuce. Hannun ya sauko, ya sauka a kan sitiyari.

Bubayaro ya toshe bakinsa da hula. Hawaye suka zubo wa Munawwara, ba ta ma share ba.

Yaji ya dubi hannun nasa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya mai da ido kan titi.

"Ke Munawwara," ya ce, "matsa daga nan, kin tare min madubi."