Talotalon Ranar Layya

Sa'a ta tura hannunta cikin talotalon har wuyan hannu, tana shafe cikinsa da haɗin da ta daka tun jiya: tafarnuwa da citta, masoro, kimba da kanumfari, duk ta kwaɓa su da man shanu da gishiri. Da ta gama ciki sai ta dawo waje, ta ɗaga fatar ƙirjin a hankali don kada ta yage, ta cusa sauran haɗin a ƙarƙashi. Sannan ta danƙo ɗanyar ɗaɗɗoya da na'ana'a da ta tsinko bakin rijiya, ta haɗa da albasa da lemun tsami, ta cika cikin taf, ta ɗinke da basilla.

Inna, uwar mijinta, tana zaune bisa tabarma gindin bukka tana kallo.

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an rufe tsuntsu cikin rami ba, sai ka ce gawa," in ji ta.

"Inna, ki bari sai kin ɗanɗana."

"Zabi biyu da sun ishe mu."

Sa'a ta yi dariya. Wurin gwaggonta ta koyi wannan gashi, wadda ta daɗe tana dafa abinci gidan wani attajiri a Damagaram. Ta sa talotalon cikin babbar tukunyar ƙasa, ta kife kasko a baki, ta liƙe da laka. Ramin da ta haƙa bayan madafa ya cika da garwashin ƙirya, ja wur. Ta zaunar da tukunyar a tsakiya, ta ɗauki wani kaskon ta riƙa kwaso garwashi tana zubawa sama har tukunyar ta ɓace.

A ƙofar gida mijinta Dikko ya riga ya yanka ragon layya, ya feɗe, ya banƙare shi bisa itace ya jingina kusa da wuta. Rago sai gobe za a taɓa shi. Yau abin da ke cikin ramin nan za a ci, kuma ba don mutanen gida kaɗai aka yi shi ba.

Yayanta Mainassara take jira. Tun da ta auri Dikko bai taɓa tako gidan ba. Su manoma ne, gero da gyaɗa da wake. Dangin Dikko kuwa Fulani ne da suka daɗe da zama gefen garin, kan hanyar Bande zuwa Magariya, suna noma suna kiwo. Mainassara bai hana auren ba, amma ya ce shi ba ya cin tuwo da mutanen da shanunsu ke cin guminsa. Bana ta yi ta aike, ta je da kanta ta durƙusa, har ya ce to, in an sauko Idi zai zo. Tun yana ɗan tsako ta sayo talotalon nan kasuwar Bande take kiwonsa don wannan rana.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da ta hango shi ta saman darni. Farar rigar Sallah ce jikinsa, 'ya'yan kawunsu biyu na biye da shi. Ta goge hannu da zane ta fito da gudu.

"Yaya! Barka da Sallah, sannu da..."

Ta ja ta tsaya. Hannun rigarsa jini ne har gwiwar hannu, ga gatari rataye a kafaɗa. Bai yi sallama ba.

"Kauce, Sa'a. Ba wurinki na zo ba."

Ya wuce ta, ya jefa wani abu gaban Dikko, ƙura ta tashi. Wutsiyar saniya ce, baƙa, jini bai bushe ba.

Dikko ya daɗe yana kallon wutsiyar a ƙasa. Babban farin da aka yi shekarun baya ya kwashe garken ubansa, baƙar saniyar nan tana cikin 'yan kaɗan da suka tsira, kuma yawancin abin da ke turke yanzu ita ta haife su.

"Yaya Mainassara," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "mene ne wannan?"

"Je ka gonata ka ga mene ne. Muna masallacin Idi shanunka suna cikin wakena. Waken da ban ɗebi ko ƙwarya ɗaya ba! Sun cinye, sun tattake saura."

"Na ɗaure su da hannuna kafin in tafi."

"To aljanu suka kwance su."

"In sun yi ɓarna akwai maigari. A je a duba, in biya. Ina saniyata?"

"Tana can kwance. Na datse mata agara duka biyu. Ta tashi ta ƙara shiga gonar wani in gani."

Inna ta dafe kai ta yi salati. Sa'a ta kama rigar yayanta.

"Yaya, don Allah, don darajar Baba, ka zauna. Ga abinci can na..."

Ya fizge rigarsa har ta yi taga-taga ta faɗi kusa da ramin.

"Abinci? Ke kin zama tasu. An ba ki nono kin manta gidanku." Ya juya ga Dikko. "Saniya ce yau. In na sake ganin ƙafar dabba a gonata, makiyayin zan datse, ko da uwarsa ce ta fito kiwo."

Daga inda take zaune a ƙasa Sa'a ta ga komai. Ta ga hannun Dikko ya koma baya ya lalubo sandarsa da ke jingine jikin darni. Ta ga sandar ta tashi. Ƙarar da ta yi a gefen fuskar Mainassara irin ta busasshen itace ce in an karya shi a gwiwa. Hularsa ta yi sama. Ya durƙusa, jini ya tsinke masa ta baki da kunne, ya tofar da haƙori. Dikko ya ƙara masa a tsakar kai.

Amma Mainassara ƙato ne, hannunsa ya saba da galma. Daga durƙuson ya kawo gatarin da hannu biyu. Dikko ya goce, bakin gatarin ya same shi a kafaɗar dama ya nutse. Sandar ta faɗi. Suka rungumi juna suka zube, suka tunkuɗe ragon layya ya faɗa cikin toka. Mainassara ya haye kansa ya shaƙe masa wuya, jinin kansa na ɗiga cikin idon Dikko. Dikko na shure-shure, hannunsa na hagu yana laluben ƙasa. Wuƙar fiɗa tana nan kusa bisa fatar ragon, yatsunsa sun kusa kai mata.

Inna ta kurma ihu da Fulatanci. Daga bukkokin makwabta maza suka fito a guje, kowa da sanda. 'Ya'yan kawun Sa'a suka zare wuƙaƙe suka haɗa baya. Ta san in aka fara, ba mutum biyu za a ɗauka ba.

Ba ta nemi tsumma ba. Ta ɗauki kaskon da ta bari bakin rami, wanda ya yi zafi kamar ƙarfen maƙera, ta nutsa shi cikin garwashi ta ciko. Ta ji fatar tafinta tana kamawa, ba ta saki ba. Ta ruga ta juye shi duka a kansu.

Rigar Mainassara ta kama da wuta daga baya. Ya yi wata irin ƙara ya saki wuyan ya mirgina. Garwashin da ya zube ya sauka a ƙirjin Dikko da wuyansa, shi ma ya yi ta birgima, bai kai ga wuƙar ba. Ƙaurin tufa da na gashi ya cika gidan. Sa'a ta koma ta ciko kaskon, ta tsaya tsakanin masu sanda da masu wuƙa, hayaƙi na tashi daga hannunta.

"Wanda ya matso, wallahi a fuska zan zuba masa!"

Ba wanda ya matso. Wani tsoho cikin makwabta ya jefar da sandarsa ya ɗauki tulu ya kwara wa Mainassara ruwa. Sai a lokacin kowa ya ga yawan jinin da ke ƙasa.

Kafin azahar maigari ya iso da mutanensa. Ya tura mai doki Magariya ya gaya wa jandarmomi, ya sa aka ɗaura amalanken shanu, aka kwantar da Dikko da Mainassara a ciki, kan wannan wajen ƙafar wancan. Aka nufi gidan likita na Magariya da su. Inna ta bi amalanken 'yan taku, ta tsaya, sannan ta juyo ta ce wa tsohon nan:

"A je a yanka saniyar kada ta mutu mushe."

Ɗaya daga 'ya'yan kawun ya tsaya a ƙofa. "Sa'a, ɗauko kayanki mu tafi gida. Ba ki zama cikin waɗanda suka fasa kan ɗan'uwanki."

Bayan darni kuwa ta ji wata mata tana cewa, "Mijinta fa ta ƙona. Mijinta!"

Sa'a ta koma bayan madafa. Ta zauna bakin ramin, tafukanta a buɗe bisa gwiwa, sun yi fari sun kumbura. Ɗan kawun ya gaji da tsayuwa ya tafi. Inna ta kawo ƙwarya da ruwan sanyi ta tsoma mata hannuwan, ta shafa musu man shanu, ta yaga tsohon zane ta naɗe. Da ta gama sai ta ɗauki itace ta fara ture toka daga kan tukunyar.

"Bar shi, Inna."

"An riga an yi asarar saniya da rago. Ba a ƙara da wannan."

Ta fasa lakar ta ɗaga kaskon. Ƙanshin ɗaɗɗoya da man shanu ya taso ya danne ƙaurin da ke gidan. Fatar ta yi ja ta yi sheƙi, cinyar na motsi da kanta, romo ya taru a gindin tukunya. Sa'a ba ta taɓa yin gashin da ya kai wannan ba. Inna ta juye shi cikin babban kwano, ta rufe da faifai, ta ɗaure da zane. Ta naɗa gammo ta ɗora wa Sa'a kwanon a ka.

"Can ba a ba marasa lafiya abinci," ta ce. "Je ki."

La'asar ta yi sanyi sa'ad da Sa'a ta shiga Magariya. Gari ya cika da kiɗa, ko'ina raguna a banƙare jikin wuta, 'yan mata sun sha lalle suna yawon barka da Sallah. Ta ratsa su da kwano a ka da hannuwa a naɗe har gidan likita.

Ɗaki ɗaya aka sa su, gadajen ƙarfe biyu, tsakani bai fi shimfiɗar tabarma ba. An ɗinke kafaɗar Dikko an ɗaure hannun a ƙirji, wuyansa duk shuɗin magani. Mainassara yana kwance rub da ciki saboda ƙunar baya, an naɗe kansa, an ɗaure muƙamuƙinsa da ƙyalle, ido ɗaya kawai ke waje. Wani jandarma, dogo, ba ɗan yankin nan ba ne in aka ji Hausarsa, yana zaune kan benci a ƙofa.

"Ke wace ce?"

"Matar wannan ce. Ƙanwar wancan."

"Madalla, ke nake nema." Ya miƙe ya taimake ta ta sauke kwanon. "Fulani sun ce manomi ya fara. Manoma sun ce Bafulatani ya fara. An ce ke kina wurin tun farko. Wanda ya fara kai duka shi zan tura kaso. Wa ya fara?"

Dikko ya juyo da kai da ƙyar ya zuba mata ido. Ta san abin da yake so ta ce: wanda ya shigo gidan mutane da gatari, wanda ya datse saniya. Idon Mainassara guda ɗaya shi ma yana kanta, bai ko ƙifta ba. Ya san ta ga sandar ta tashi, kuma ya san ba ta saba yi masa ƙarya ba.

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Kina tsaye a wurin, ba ki gani ba?"

"Ina duba wutata."

Jandarman ya kalli hannuwanta, ya kalli fuskarta.

"Kin san abin da kike yi? In ba shaida, duka biyun zan kai gaban alƙali in sun warke."

"Na ji."

Ya girgiza kai ya koma bencinsa.

Sa'a ta ja kwanon da ƙafa zuwa tsakanin gadajen, ta zauna a ƙasa. Da haƙori ta kwance ƙullin zanen. Naman bai gama hucewa ba. Ta yago tsoka daga ƙirjin da bakin yatsunta da suka rage a waje, ta miƙa wa Dikko.

"Malam, ga shi."

Ya juya fuska ga bango.

Ta tsoma bakin yatsunta cikin romon, ta matsa wajen ɗaya gadon. "Yaya, ko romo ne ka ɗan lasa."

Mainassara ya rufe idonsa.

Ta zauna riƙe da tsokar har man ya jiƙa zanen da ke hannunta. A waje ana ta kiɗa. Sai ta tuna tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Ta gyara zama, ta yi bismilla, ta fara ci.