Wurin Zaman Fiddausi

Mijina Tanko mutum ne mai hankali a komai, sai dai in ya hau mashin. Masinja ne a wani ofis a Tarauni, mu kuma muna zaune a Gyadi-Gyadi, tsakaninmu da can akwai gadar sama guda. Kullum da safe yakan ɗora 'yarmu Fiddausi a kan tanki, tsakanin hannuwansa, ya sauke ta a makaranta kafin ya wuce aiki. Shekararta shida, kuma ita kaɗai Allah ya ba mu bayan na shekara tara ina shan jiƙe-jiƙe da gorin dangi.

Tun da fetur ya yi tsada ya ƙirƙiro wata dabara da yake alfahari da ita kamar shi ya ƙera jirgin sama. In ya tunkari gadar sai ya murɗe totur har ƙarshe, ya haye a guje, yana kaiwa ƙoli ya cire giya ya sa a firi, ya kashe makulli, mashin ya gangara da kansa. Wai tsimin mai. Man da bai cika cokali biyu ba!

Ban sani ba sai ranar da ya goya ni zuwa suna a Daurawa. Da muka kusa saman gadar na leƙa ta kafaɗarsa, ban ga titi ba, sama kawai nake gani. Sai na ji injin ya yi tsit, muka zubo gangara iska na neman tuɓe min hijabi.

Muna sauka na ce, "Abban Fiddausi, haka kake yi da yarinyar nan a gabanka?"

"Haka nake yi kullum, kuma ga ta nan da ranta."

Sunan da ban ci komai a cikinsa ba ke nan. Takaici ya ƙosar da ni.

Washegari na je wurin Callistus, mai sayar da kayan mashin a bakin layinmu. Ya haura shekara ashirin a unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma Tanko yana ganin girmansa. Na roƙe shi ya yi masa magana. Da yamma ya tare shi a ƙofar shago, ni kuma na yi kamar gishiri na fito saya.

"Malam Tanko, garinmu duk tudu ne, a can na koyi mashin," in ji shi. "In ka kusa sama, sassauta wuta. Ka bar shi a giya, injin ne zai riƙe maka shi a gangara. Ka tsaya a hannunka, yatsunka a kan birki. Abin da ba ka hango ba, ka ɗauka yana nan yana jiranka."

Tanko ya yi dariya har da tafa hannu. "Oga, nan fa Kano ce, a shimfiɗe take kamar tabarma. Gada ce, ba dutse ba."

"Ita ma gadar ba a ganin bayanta," in ji Callistus, ya koma ciki.

To, wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Sai dai ba da 'yata ba.

Ranar Litinin na shirya ta da wuri, na riƙe hannunta na nufi ƙofa. Tanko yana tsugune yana shan koko, ya ɗago.

"Ina za ki kai ta?"

"Makaranta. A adaidaita."

"Ga mashin a gida? Rabi, ni ne ubanta!"

"Ni kuma na yi naƙudarta. Wallahi ba za ta ƙara hawa tankin nan ba sai ka daina wasa da rai."

Muka yi kaca-kaca har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na fice a fusace, fushin da ya sa na manta kular abincinta a kan turmi, wata 'yar shuɗiya mai zanen kifi, cike da taliya da wake.

Adaidaitan da muka tara wani rakwaɓaɓɓe ne. Da ƙyar ya hau gadar yana tari, muna wuce ƙoli da 'yar tazara ya yi wata ƙara ya tsaya cak, rabinsa a kan hanya. Direban ya taka, ya sake takawa, ya ƙi tashi. Muka sauka. In mota ta lalace ai ganye ake zubawa a baya don masu tahowa su gani, amma ina bishiya a kan gada? Sai ya ɗauko wani fankon galan ya ajiye taku uku a bayan keken, ya kakkaɓe hannu kamar ya gama wani babban aiki.

Na dubi galan ɗin, na dubi ƙolin gadar. Na san wanda ke bayanmu, na san ya gama kokonsa, na kuma san yadda yake tahowa.

"Malam, kai shi can sama! Wa zai gan shi a nan?"

"Hajiya, minti biyu ne zan tayar."

Ban tsaya ta tasa ba. Na damƙa Fiddausi a hannun wata dattijuwa da muka hau tare, na ce su matsa gaba can jikin ƙarfen gada. Na fizgi galan ɗin na yi sama da gudu ina ɗaga shi. Motoci biyu suka kauce suna zagina. Saura kaɗan in kai sai ga Tanko ya ɓullo, babu ƙarar inji, babu komai, sai rigarsa tana kaɗawa.

Na ga lokacin da ya ga keken. Ya danne birki, tayar baya ta ja gefe tana ƙara, babu giya balle injin ya taimake shi. Ya wuce ni kamar an harbo shi. Ƙarar da na ji a bayana, har yau in aka yar da faranti sai na zabura.

Allah ya yi da sauran kwana. Karaya biyu a ƙafa, ɗaya a hannu, fuska duk ƙurji. Tankin mashin kuwa ya lotsa ciki kamar an taka gwangwani. A nan na tsinci kular. Ashe ya gan ta a kan turmi, ya ɗaure ta da roba a kan tankin zai kai mata, daidai inda take zama.

Da la'asar ɗakin mai ɗori ya cika da 'yan dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wani abokin aikinsa har da cewa laifin mai adaidaita ne. Shi ma gogan yana kwance yana gyaɗa kai. Na ji kamar in kama da wuta. Tsautsayi ne ya kashe makullin?

Na buɗe leda na fito da kular na ɗora masa a ƙirji. Ta baje, murfin ya tsage biyu, taliya ta bushe a jikin kifin.

Fiddausi ta zame daga hannuna ta matsa kusa da shi, ta taɓa kular da yatsa, bakinta a tunzure.

"Abba, ka fasa min kulata. Da ka ɗauke ni, ai da na riƙe ta sosai."

Tanko ya dube ta. Sai ya jawo ta da hannunsa mai lafiya ya kifa fuskarsa a kanta, kafaɗunsa suna rawa, a gaban abokan nasa duka.

Ban rarrashe shi ba. Na bar kular a inda na ajiye ta.