Kunnen Daour

Tun ranar da Daour ya shigo gida da ƙaton kifi mai hudar mashi a bayan kai, ubansa Libasse ya san wani abu zai faru. A Ngor, unguwarsu ta masunta a bakin teku, ba a ba mai riƙon injin jirgi irin wannan kifi. Wanda ya nutsa ya harbo shi ne ke kai shi gida.

"Kawu Mbaye ne ya ba ni," in ji Daour.

"Mbaye? Wanda ko ƙaya ba ya bar wa kyanwa?"

Daour ya yi dariya, amma sai da ya juyo da kunnen hagu kafin ya ji maganar. Na dama tun yana yaro yake zubar da mugunya duk damina. Likita ya faɗa a gaban uban cewa dodon kunnen ya yi laushi. In ya fashe a ƙarƙashin teku, ruwan sanyi zai shiga, jiri ya kama shi, ya kasa sanin ina ne sama. A kan haka Libasse ya yarda ɗansa ya bi jirgin Mbaye, ƙanen uwar yaron, da sharaɗin ba zai goya tukunyar iskar shaƙa ya nutsa ba.

Daga nan Libasse ya fara lura. Shatin tabarau na ruwa a goshin yaron. Tabon mugunya a jikin matashin kai. Sai kuma kyandir ɗin ɗakin girki da ake gutsurewa ta gindi, alhali ba a ɗauke wuta ba.

Da safe ya tare Mbaye a bakin ruwa ana loda tukwane.

"Suruki, yau ka tuna hanyar teku?" in ji Mbaye. "Ko ƙanwar uwar 'ya'yanka ka zo nema?"

"Yarona yana nutso?"

"Inji yake riƙewa. Tambayi kowa."

Babu wanda ya ɗago kai. Daour na can gindin jirgi yana murza wani abu fari tsakanin yatsu. Da suka haɗa ido ya dunƙule hannu. Libasse ya so ya ce ya sauko, amma ya ji nauyin tsinka saurayi a gaban abokan aikinsa. Jirgi ya tashi.

Kafin azahar suka dawo, ba lokacin dawowarsu ba. Daour na kwance a kan raga yana amai, ya ƙanƙame katakon jirgi kamar ƙasa na juyawa.

"Teku ce ta juya masa ciki," in ji Mbaye, idonsa a wani wuri.

"Ɗan da aka haifa a bakin ruwa?" in ji Libasse.

Libasse ya tallafi kan ɗansa. Gashin a jiƙe, jini na bin wuyansa ta dama.

A asibitin unguwa malamar jinya ta zaro dunƙulen kyandir da auduga daga can cikin kunnen. Ta ce toshewar ce ta ɓata abin: nauyin ruwa ya danna shi ciki har dodon ya yage. Daour ya ce shi ya ɗauki tukunyar da kansa, kuma toshe kunne dabarar tsofaffin masu nutso ce. Mbaye ya rantse bai taɓa gaya masa haka ba.

Jirin ya lafa bayan kwanaki. Har yanzu Libasse bai san wa ya koya wa ɗansa toshe kunnen ba, likita kuma bai ce ko jin zai dawo ba.