Wa Ya Haɗa Akwatin?

Malamin kafinta ya juya akwatin a hannunsa har sau uku, ya kasa samun inda zai ce an yi kuskure. Babu ƙusa ko ɗaya, haƙoran katakon sun shige cikin juna, ko takarda ba ta ratsawa. Shekara biyu ke nan da makarantar ta buɗe ajin gini da kafinta ga 'yan sakandare, bai taɓa ganin ɗalibi ya yi irin wannan haɗin ba. Kuma wai wadda ta kawo shi ita ce yarinyar da 'yan aji ke kira Shiru-shiru, wadda idan ta riƙe zarto a gabansa, layi daban, yanka daban.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Da hannunki?"

Ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ce ta tsaya masa a rai.

Da aka tashi, ya nuna wa malamin gini akwatin. Shi kuwa ya karkaɗe siminti daga rigarsa, ya yi dariya. "Ai kawunta ne mai shagon kujeru na bayan tasha. Ni ma da za a iya kai bango gida, da kowa ya ci jarrabawata."

Tun daga ranar malamin kafinta ya sa wa yarinyar ido. Aikin aji a karkace, aikin gida kamar na kanti. Ya yi wa katakonta alama da fensir ta ƙasa don ya ga ko musanyawa ake yi. Katakon ya dawo da alamarsa, an goge shi sumul. Wato a shagon ake yi mata, in ji zuciyarsa.

Ranar Asabar ya je shagon, kamar mai neman sayen kujera. Kawun dattijo ne, fensir a bayan kunne, yana shafa gam. Malamin bai iya kewaye-kewaye ba, ya fito da maganar.

Dattijon ya ajiye gam ɗin. "Malam, ni zan yi wa yarinya aikin makaranta? Wanda ke gabana ma ya fi ƙarfina. Tana shiga ɗakin baya ta rufe ƙofa, ko ni ba ta bari in leƙa."

"Ita kaɗai?"

"Sai dai in aljanu ke taya ta."

Malamin ya fito, zarginsa ya ƙaru. Mai gaskiya me zai kai shi rufe ƙofa? Kuma wane kawu ne zai tona asirin 'yar ƙanwarsa?

Ranar Litinin da hutun rana ya tsayar da ita a ɗakin aiki. Ya ajiye mata katako biyu, zarto da abin awo. "Haɗa min kusurwa ɗaya, irin ta akwatin. Ina nan ina kallo."

Ta ɗaure katakon a jikin ƙarfen matsewa, ta fara. Zarto ya yi tsalle, ya ci gefe. Gumi ya keto mata. Haƙorin farko ya tsage.

"To, faɗa min gaskiya. Wa ke yi miki?"

"Wallahi ni ce, Malam."

Ransa ya ɓaci. Ya ce zai kira shugabar makaranta, ya fita. Amma bai tafi ba, ya laɓe a bayan taga, yana jiran ya ga ko za ta zaro wani haɗaɗɗen katako daga jaka.

Ta waiga dama da hagu. Sai ta zagaya ɗaya gefen teburin, ta mayar da zarton hannun hagu. Nan take ƙarar yankan ta canza, ta zama ɗaya, a natse. Garin katako yana zuba a kan takalminta, zarto yana bin layi kamar an ja shi da zare.

Ya turo ƙofa. Ta saki zarton ya faɗi.

"Bahaguwa ce ke?"

"Ranar farko ka... kun ce duk wanda bai riƙe kayan aiki yadda kuka nuna ba, ya bar ajin." Ta dubi zarton a ƙasa. "A firamare ma sai da aka raba ni da rubutun hagu."

Ya tuna ya faɗi hakan, don tsoron kada yara su yanke yatsu. Bai taɓa kawo bahago a ransa ba. Kunya ta rufe shi.

"Ɗauki zarton," ya ce. "Ƙarasa."

Ta ƙarasa, kusurwar ta zauna daram. Shi kuma ya ɗauko sifana, ya durƙusa, ya fara kwance ƙarfen matsewar don ya mayar da shi ɗaya gefen teburin. Da 'yan aji suka dawo daga hutu suka same shi a ƙasa, ya tambaye su ko akwai wani bahagon da ke ɓoyewa. Can daga layin baya, yara biyu suka ɗaga hannu.