Fiton Hamman

Ƙarti shida ne suka taru a kan Ɗan Doma, biyu na ja, huɗu na turawa, amma dokin ya kafe a gindin katakon hawa mota da ƙafafu uku. Ta huɗun tana reto, naɗe da tsumma. Direban da ke kai tsofaffin dawaki kudu wurin mahauta ya sake duba agogonsa.

"A kira min Hamman," in ji Alhaji Bamanga daga cikin sabuwar Marsandinsa.

* * *

Shekara tara Hamman yana hawan Ɗan Doma a sukuwa, daga Gombe har Kano, suka kawo kofi goma sha ɗaya. Duk suna falon Alhaji. A hotunan da ke bango, Alhaji ya fito har takalminsa, Hamman kuwa hannunsa kawai ake gani, riƙe da linzami.

Sana'ar ba ta son nama a jiki. Kafin kowace sukuwa sai ya sha jiƙon tsamiya, ya lulluɓa da bargo a tsakar rana, don kada sikeli ya tona masa asiri.

"Ni dai kara na aura," matarsa Suwaibatu takan ce, tana mayar da tuwonsa tukunya. "Maƙwabta cewa suke rowa nake maka."

A shekarar da kuɗin mai suka sa kowane ɗan kwangila ya fara son dawaki, Ɗan Doma ya soma ɗingishi. Alhaji ya riga ya gayyato manyan baƙi. Aka kawo mai allurar kashe zafi, dokin ya kai masa harbi sau biyu.

"Ranka ya daɗe, ƙafar nan hutu take so," in ji Hamman.

"Akwai mahaya goma a bakin barga, Hamman, kowanne ya fi ka rama."

Akwai wani fito da Hamman ke yi wa dokin in zai sha ruwa, tun yana ɗan duƙushi. Shi ya yi masa. Ɗan Doma ya sunkuyar da kai, allura ta shiga. Suka zo na ɗaya. Taku ashirin bayan layi, ƙashin ya karye, amma tafi ya hana kowa ji.

* * *

Da aka aika masa, Hamman ya iso bargar a ƙafa daga unguwar Madaki. Dokin ya ɗaga kunne.

"Minti biyu ne aikin," in ji Alhaji. "Kuma na ba ka gadin sito. Daga yau ka ci ka ƙoshi."

Hamman ya shirya magana a hanya, mai kyau kuwa, har da ambaton Allah. Ya neme ta ya rasa. Ya hau motar, ya juyo, ya tattara leɓɓansa zai yi fiton. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ya yi.

Ɗan Doma ya hau da kansa, yana tsalle a kan ƙafa uku, yana shinshina ƙasan motar ko zai ga bokitin ruwan.

"Kai, malam, kana da baiwa," in ji direban, ya ja sakata.

* * *

Suwaibatu ta ajiye masa malmala uku da miyar kuka, har da man shanu. Ya so a ce tuwon ya ƙi wucewa. Bai ƙi ba. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon, sannan ya kife shi a hankali don kada ta ji ƙara.