Fitila Mai Suna Ukasha

Ukasha na tsaye a kan kujera yana murɗa ƙwan fitila na ƙarshe, bakinsa ya ƙi rufuwa. Tun da safe ya rufe shagonsa na kayan sola a Kazaure, ya ɗaure kwali a bayan babur ya nufo Roni. Kwana biyar ke nan da aka cire wa mahaifiyarsa, Inna Dela, yanar ido, likita kuma ya ce a kiyaye mata haske mai ƙarfi. Shi ya sa ya kawo mata fitilun zamani masu ƙara haske da ragewa da kansu, masu jin magana ta wata 'yar na'ura kamar murfin kwano da ya manna a bango.

Wannan shi ne dalilin da ya gaya wa kowa, amma akwai wanda ya ɓoye. Shi ne ɗan fari, kuma shekararsa talatin da takwas bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, saboda kunya irin ta Fulanin da. "Ɗan Tasalla" take ce masa, don gwaggonsa Tasalla ce ta yaye shi. In ya ɓata mata rai kuwa, ya koma "wancan". Abin yana cin ransa, gemu bai hana ba. To, ita na'urar sai an kira ta da suna take saurare, kuma mai haɗawa ne ke raɗa mata. Sai gogan naka ya raɗa mata nasa.

Ya diro ya gyara tsayuwa. "Gwaggo, Inna, ku duba. Ukasha, rage haske."

Hasken ya yi ta sauka a hankali har ɗakin ya koma kamar ana shirin kiran magariba. Gwaggo Tasalla ta tafa hannu, ta kwashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Yau ga abin da ya fi mai sunan jin magana. Ukasha, ƙara. Ukasha, rage. Ukasha, kashe gaba ɗaya mu gani."

Fitila ta yi ta biyayya. Inna Dela ma, da baƙin gilashinta na asibiti, dariya take yi tana rufe baki da gefen mayafi.

"Saura ke, Inna," in ji Ukasha.

Ta ɗaga kai sama. "Ke fitila, rage." Shiru. "Ɗan Tasalla, rage haske." Ko gezau.

"Suna guda ta sani, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa ta bayan gilashi. Sarai ta gano shi. Ta juya wajen Gwaggo. "Yaya, ki ce wa ɗanki ya sake mata suna. Duk sunayen duniya sun ƙare ne?"

"Ai ba ya sakuwa," ya shirga ƙarya. "Daga kamfani yake."

"Kamfanin ma a Roni aka yi masa suna ke nan," in ji Gwaggo, ta sake ɓarkewa da dariya.

Bayan la'asar Gwaggo ta tashi za ta barka a maƙwabta. Daga bakin ƙofa ta yi wasan ƙarshe, ta ce wa fitila ta ƙure haske, ta fice tana ƙyalƙyatawa. Ukasha ya dawo daga masallaci ya leƙa ta labule. Ɗakin ya yi fari tas. Inna ta cire gilashi don ɗiga magani, tana zaune a bakin gado ta kare fuska da tafin hannu, idon da aka yi wa aiki yana zubar da ruwa. Ta gwammace ta sha wuya da ta buɗe baki.

Murnarsa ta tsere, kunya ta rufe shi. Wane irin ɗa ne zai ɗana wa uwarsa tarko da ciwonta? Ya ja da baya ya tsaya a jikin bango, ya ciro waya. Ya buɗe wurin sunan na'urar a wayar, ya goge nasa, ya rubuta "Fitila". Saura ya danna ya ajiye.

Sai ya ji muryarta daga ciki, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron bango zai kai gulma.

"Ukasha."

"Na'am, Inna."

Bai san lokacin da ya amsa ba. Ya tsinci kansa a durƙushe a bakin ƙofa, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ashe haka sunan yake da daɗi, tana jan ƙarshensa kamar tana rarrashi.

Inna Dela ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya.

"Ba da kai nake ba. Da fitila nake."

Ya danna wayar ya rage mata hasken da kansa. Sabon sunan kuwa bai ajiye shi ba, ya mayar da wayar aljihu.

"Ta ji ki, Inna," ya ce. "Sai dai kunnenta da ɗan nauyi. Gobe sai kin ɗaga murya."