Sawun Yaya

Tun da Yaya ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani a kan kare muhalli, shi ke nan, duniya ta samu mai cetonta. Ya daina karɓar leda a kasuwa, ya rataya jakar yadi a kafaɗa, gorar ruwansa ta ƙarfe kuwa ko gaisuwar mutuwa da ita yake zuwa. Auta, ƙanwarsa, ba ta ga laifin wannan ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, cikin abubuwan da ya rage har da zuwa duba mahaifiyarsu Inna, wadda ciwon ƙafa ya zaunar da ita wuri ɗaya, kullum idonta na bakin ƙofa.

A waya ya yi wa tsohuwar bayani, wai kowane mutum yana barin sawun hayaƙi a duniya, uwa-uba mai mota, shi kuma ya ƙudurta rage nasa. Inna ta ajiye wayar, ta tambayi Auta ko wani laifi aka yi wa yayanta, da ya ce zai rage sawu. Auta ta buɗe baki za ta ce ba wannan sawun ba, sai ta ga ai tsohuwar ta fi kowa gane zancen. Ta ja tsaki ta ci gaba da taka keken ɗinkinta.

Wata Asabar, bayan an ɗauke ruwan sama, sai ga Yaya a kan keke, da hular kwano, yana haki kamar wanda aka koro. A bayansa motarsa ce ke rarrafe, direba na tuƙi, wani abokin aikinsa ya leƙo ta taga yana ɗaukar sa da waya. Haushi ya turnuƙe Auta.

Yaya ya shigo da takalmi har tsakar ɗaki, ya ɗan rusuna ya gaida Inna. Ita kuwa baki har kunne, tana laluben hannunsa. Kafin ta kama, ya miƙe ya kashe ƙwan lantarki, ya kashe fanka.

"Yaya, sai da fankar nan take samun barci," in ji Auta.

Ya ce ai da irin wannan kaɗan-kaɗan ɗin ake kashe duniya. Ruwan da aka kawo masa ma bai sha ba, tunda na leda ne. Ya duba agogo, ya yi sallama. Aka cusa keken a bayan mota, shi ma ya shige gaba, don an gama ɗaukar hoto.

Auta ta kunna fanka, ta ɗauko tsintsiya za ta share taɓon da takalminsa ya bari a kan siminti.

"Bar shi, 'yar nan," in ji Inna, idonta na kan sawun. "Ɗan abin da ya rage mana ke nan."

Auta ta jingine tsintsiyar a bango.